Filin Noma da Kiwo: Ƙazuwar Ɓeran Masar

A wannan mako za mu ɗan jingine zancen shanu da tumaki da muka saba yi, mu waiwayi wata 'yar dabba wadda da yawa daga cikinmu ba su ɗauke ta a bakin komai ba, watau ɓeran Masar. Abin da ya jawo haka kuwa wata wasiƙa ce da ta zo mini daga wani malamin makarantar firamare a Fadan Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne na mutanen Gwong, waɗanda Hausawa su ke kira Kagoma, yana kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi, a ƙasar citta da duwatsu. Can ne kuma mahaifar marigayi Patrick Yakowa, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kaduna daga 2010 zuwa 2012.

Malamin ya ce ɗansa mai shekara 12 ne ya fara kiwon da guda biyu, mace da namiji, waɗanda ya saya da kuɗin da ya tara na aikin kankarar citta. Kafin shekara ta zagayo sun kai 14, ban da waɗanda yaron ya kan sayar wa abokansa ya sayi littafin rubutu da alƙalami ba tare da ya roƙi kowa ba. To, da hunturu ya kama sai al'amari ya juya. Ɓerayen suka shiga susa ba dare ba rana, gashin wuya da na kafaɗa ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo, in an taɓa su sai su ƙwala ƙara kamar an soka musu allura. Wata rana da safe babbar macen ta faɗi ta gefe tana shure-shure, idanu a kafe, can kuma ta miƙe ta ci gaba da cin abinci kamar ba ita ba. Maƙwabta suka taru, wannan ya ce farfaɗiya ce, wancan ya ce baki aka yi wa yaron don an ga kiwonsa ya yi albarka. Wani mai gyaran babur ya kawo baƙin mai aka shafe guda biyu da shi, kafin gari ya waye duk sun mutu. Aka ɓare kafso ja-da-baƙi aka zuba wa ɗaya a ruwan sha, ya kwana uku yana zawo, shi ma ya bi su. Yanzu saura 11, ga shi kuma waɗansu ƙuraje masu ƙaiƙayi sun fito wa yaron a hannu da ƙirji, yana kwana yana kuka, rabi don ƙaiƙayi, rabi don dabbobinsa. Malamin yana tambaya, shin ya hallaka sauran ya huta, ko kuwa akwai magani?

Malam, kada ka hallaka ko ɗaya. Abin da ka bayyana, daga susar har zuwa faɗuwar, ya yi daidai da wata irin ƙazuwa da ta ke kama ɓeran Masar, tana kuwa da magani, maganin ma ba mai tsada ba ne. Likitan dabbobi ne zai duba ya tabbatar, gama ba a yanke wa ciwo hukunci daga takarda. Amma zan yi bayanin abin dalla-dalla, domin na san ba gidanka kaɗai ba ne a ke wannan kiwo, kuma kurakuran da aka yi a gidanka su ne a ke yi ko'ina.

Bari mu fara da ita kanta dabbar. Sunan da muka ba ta ya zalunce ta sau biyu, gama ba ɓeran gida ba ce, ba ta sata a rumbu, ba ta ma da wutsiya, kuma ba daga Masar ta fito ba. Asalinta duwatsun Andes ne na Amurka ta Kudu, ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka yi dubban shekaru suna kiwonta a cikin ɗakin girki domin nama, har gobe kuwa suna yi. Jiragen ruwan Turawa ne suka fito da ita a ƙarni na 16, daga nan ta bazu cikin duniya. Haka muka yi wa masara, ita ma daga Amurka ta zo muka jingina ta ga Masar. Ingilishi ma ba su fi mu gaskiya ba, don su aladen Gini su ke ce mata, alhali ba alade ba ce, ba ta kuma san hanyar Gini ba. A nan Afirka a kan yi kiwonta sosai a tsaunukan yammacin Kamaru da gabashin Kwango, a ƙasarmu kuwa an fi ganinta a wurare masu sanyi da lema, domin dabba ce da ba ta jure zafi. Da zarar ɗaki ya haura digiri 30 a ma'aunin zafi sai ta galabaita. Babba ba ya wuce kilo ɗaya da 'yan kai. Mace ta kan yi wata biyu da 'yan kwanaki da ciki, ta haifi biyu zuwa huɗu galibi, da gashinsu da haƙoransu, idanu a buɗe, ranar da aka haife su ma sai ka ga suna tsinkar ciyawa.

Mai kawo ciwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, dangin kaska da gizo-gizo, mai ƙafa takwas, wanda tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, saboda haka ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Masana suna kiransa Trixacarus caviae. Ba a daɗe da saninsa ba: a 1972 ne wani masani ɗan Beljiyam mai suna Alex Fain, tare da abokan aikinsa biyu, Hovell da Hyatt, suka bayyana shi, bayan sun same shi a jikin waɗansu fararen ɓerayen Masar a Ingila. Ɗan uwa ne na kusa ga ƙwaron da ke sa wa mutum ƙazuwa, da wanda ke cinye gashin awaki da karnuka da aladu, aikinsu kuwa iri ɗaya ne. Macen ta kan huda fata ta haƙa rami a cikinta kamar yadda gara ta ke yi a bango, tana tafiya tana zuba ƙwai da kashi. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su girma su ma su shiga haƙa, daga ƙwai zuwa babba kamar mako biyu ne kawai. Ashe ke nan in an bar su wata biyu, ƙwari kaɗan sun zama runduna.

Ƙaiƙayin ba daga haƙar kaɗai ya ke zuwa ba. Jikin dabbar ne ya ke tayar da faɗa a kan miyau da kashin ƙwaron, fata ta kumbura ta yi ja, dabbar ta sa farce ta yage ta, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa su shiga, gyambo ya hau kan gyambo. Ya kan fara daga wuya da kafaɗu, ya gangara baya da ciki da cikin cinyoyi. Idan abin ya yi nisa sai ka ga dabbar tana zagaya ɗaki a guje tana karo da bango, ta daina ci, ta rame, mai ciki ta yi ɓari. Faɗuwar nan da maƙwabta suka kira farfaɗiya kuwa, tsananin azaba ne ya ke kai ta ga haka, sau da yawa ma taɓa bayanta ko yunƙurin susa shi ke tayar da ita. Ranar da ƙwaron ya mutu, faɗuwa ta ƙare. Wanda ya taɓa kwana da ƙazuwa a tsakanin yatsunsa lokacin da ya ke makarantar kwana, sai ya auna yadda zai ji in duk jikinsa ne, ba shi kuma da bakin faɗa wa kowa.

Mai karatu zai ce, to, ina ƙwaron ya fito, tun da yaron ya shekara yana kiwo lafiya lau? A nan ne fa zancen ya ke, nan ne kuma na fi so masu kiwo su saurara. Ɓeran Masar ya kan ɗauki wannan ƙwaro wata da watanni, ko ma fiye da shekara, ba tare da wata alama ta fito ba, muddin yana da ƙarfin jiki. Mai yiwuwa ne biyun farko da yaron ya saya da shi suka zo, uwa kuwa ta rarraba wa 'ya'yanta wajen shayarwa. Ƙwaron yana nan yana jiran ranar da jiki zai yi rauni: ciki da haihuwa a jere ba hutu, ko cunkoso, ko sanyi, ko tsufa, ko yunwa. Ɗakin da aka yi domin biyu yanzu 14 ne a ciki, maza suna faɗa, mata ba sa sauke ciki sai su ɗauki wani. Sa'an nan ga hunturu. A ƙasar Kagoma ruwa ya kan sauka tun watan Afrilu ya kai Oktoba, duk tsawon wannan lokaci ɗanyar ciyawa tana bakin ƙofa, yaro ya yanko kafin ya tafi makaranta. Da Disamba ta shiga ciyawa ta bushe, aka sa wa daji wuta, sai a koma ba dabbobin dusa da ƙanzo da ɓawon doya. Cikinsu ya cika, amma akwai abin da suka rasa.

Abin da suka rasa shi ne sinadarin bitamin C. Saniya da akuya da zomo da kare duk jikinsu ya kan haɗa wannan sinadari da kansa. Mutum da biri da ɓeran Masar ba su da wannan baiwa, dole sai sun ci shi a abinci kowace rana, jiki kuwa ba ya ajiye shi da yawa. Wannan 'yar dabba ma ita ta taimaka aka gane haka. A 1907 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wani ciwo na matuƙa jirgin ruwa, suka tsare ɓerayen Masar a kan hatsi zalla. Cikin 'yan makonni dasashinsu ya fara zubar da jini, haƙora suka yi girgiɗi, gaɓoɓi suka kumbura, daidai da ciwon da ya daɗe yana kashe matuƙa a teku. Da aka ba su ɗanyen kabeji da ruwan lemo sai suka tsira. Watau abin da likitocin nan suka yi da gangan domin bincike, shi ne mu ke yi wa namu kowane rani ba da sani ba. Dabbar da ta yi mako biyu ko uku ba ɗanyen ganye, fatarta ta yi rauni, ciwonta ba ya warkewa, ƙwaron da ke ɓoye kuwa ya samu yadda ya ke so.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi. Babban ɓera yana bukatar miligiram 10 zuwa 30 na bitamin C a rana, mai ciki da marar lafiya su ne ke son na sama. Yanki guda na gwaiba ya biya wannan, haka yanki guda na tattasai, wanda ba mai yaji ba. Ga ganyen zogale, ga ganyen dankalin Hausa, ga kabeji, ga ciyawar bakin rafi da ta fadama wadda ba ta bushewa. Sauran kayan miya da 'yan kasuwa su ke zubarwa da yamma a kasuwar Kafanchan ma ya isa kiwon yaro, in an wanke shi an tsince ruɓaɓɓe. Busasshiyar ciyawa mai kyau kuma ta zauna a gabansu kullum, domin haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Amma a kiyaye ganyen dankalin Turawa, da albasa, da ɗanyen ɓawon rogo, da duk ciyawar da aka yanko daga gonar da aka yi wa feshi. Masu jefa ƙwayar bitamin a cikin ruwan sha kuwa wahalar banza su ke yi, don sinadarin ya kan lalace da sauri a ruwa da haske, ɗanɗanon kuma ya hana dabbar sha.

Ba kowace zubar gashi ce ƙazuwa ba, wannan shi ne dalilin zuwa wurin likita. Akwai makero, wanda ya kan fito zagaye-zagaye a hanci da gefen ido da kunne, musamman ga ƙanana, ba ya sa susa mai tsanani, maganinsa dabam ne, yana kuma kama yara da gaske. Akwai ƙwarƙwata, ita ana ganinta da ido tana tafiya a gindin gashi a bayan kunne. Akwai wani ƙwaron da ke manne wa gashi kawai kamar ƙura, ba ya shiga fata. Mace mai tsohon ciki ta kan zubar da gashin kwiɓi ba wani ciwo, waɗansu kuma su kan tauna gashin juna saboda cunkoso. Ɗan wurin da babu gashi a bayan kowane kunne kuwa halitta ce, kada a shafa masa komai. Likita zai sa reza ya kankari bakin ɓawon har ya ɗan yi ja, ya ɗora a gilashi ya duba a madubi. Wani lokaci ba a dace da ƙwaron a kankara ɗaya, saboda haka in alamomi sun cika likitoci su kan ba da magani, warkewar ita ce shaida.

Maganin da aka fi dogara da shi sunansa ibamektin, masu shanu da awaki da masu aladu na kudancin Kaduna sun san shi, shi ne allurar tsutsa da kaska da su ke saya a kwalba. Asalinsa wata ƙwayar halitta ce da wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya samo a cikin ƙasa, William Campbell kuma na kamfanin Merck a Amurka ya gano amfaninta. Ya shiga kasuwa domin dabbobi a 1981. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta, da sunan Mectizan, domin yaƙi da makantar da baƙin ƙuda na bakin rafi ya ke kawowa. Jihar Kaduna tana da hannu a wannan tarihi, gama a ƙauyukanta ne Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da abokan aikinta suka yi babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 1993, wanda ya nuna shan maganin shekara-shekara yana kare jijiyar ido. Omura da Campbell sun sami lambar Nobel a 2015. Ƙwayar nan da a ke auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi a ƙauye, ita ce dai za ta ceci dabbobin yaron nan.

Amma fa a nan ne haɗari ya ke. Kwalbar da a ke sayarwa domin manyan dabbobi aka yi ta, mililita ɗaya na dabba mai kilo 50 ne. Ɓeran Masar mai giram 800, abin da zai ishe shi bai kai ɗigo ɗaya cikakke ba. Wanda ya ɗauki sirinjin akuya ya zuƙa da ƙiyasin ido, zai ba shi ninki goma ko ashirin na abin da ya kamata, dabbar ta kama rawar jiki ta sume. Likita ya kan ɗora kowanne a sikeli, ya sirka maganin da wani ruwa na musamman, ya auna da ɗan ƙaramin sirinji irin na masu ciwon sukari, sa'an nan ya yi allura a ƙarƙashin fata, ko ya ɗiga a baki ko a fatar bayan kunne. Shi ne kuma zai ce ko 'yan ƙananan sun yi ƙwarin da za a ba su. Akwai wani maganin mai suna selamektin da a ke ɗigawa a ƙeya, yana aiki ƙwarai, sai dai ya fi tsada, a manyan birane aka fi samunsa.

Sau ɗaya ba ya isa. Maganin yana kashe ƙwaro amma ba ya kashe ƙwai, saboda haka a kan maimaita bayan kwana 7 zuwa 14, sau uku galibi, wani lokaci fiye. Yawancin masu cewa sun yi allura ciwo ya dawo, a ta farko suka tsaya da suka ga sauƙi. Kuma duka 11 za a yi wa, har da waɗanda gashinsu ke sheƙi, don mun riga mun ce lafiyayye ma yana ɗauke da shi. Ranar kowace allura a kwashe shimfiɗar ɗakin a ƙone, a wanke akurki da kwanonin ci da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a zuba sabuwar busasshiyar ciyawa. A yanke musu farcen ƙafar baya don rage yagar fata. Waɗanda ke kiwo domin nama su tambayi likita makonni nawa za su jira bayan allurar ƙarshe kafin su yanka.

Yanzu mu koma kan ukun da suka mutu, don ba ƙazuwa ce ta kashe su ba. Baƙin mai da kananzir an daɗe ana shafa wa awaki da karnuka, ko a can ma cuta ce, amma babbar dabba ta kan sha da ƙyar. Dabbar da ba ta kai kilo ba, fatarta duk tsage, ga ta da lasar jiki, guba ta shiga ta fata ta shiga ta baki, ba ta da mafita. Haka maganin ƙwari na gona, da ota-fiya-fiya da a ke sayarwa a tasha. Manya za su tuna da Gamalin 20 da aka riƙa yi wa kallon maganin komai; sinadarin da ke cikinsa tun 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubar da za a daina, a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Abin da aka ga ya fi ƙarfin gona, ina ga ɗakin da yaro ya ke shiga ya rungumi dabba?

Na kafso ya fi ban tausayi, domin da kyakkyawar niyya aka ba shi. Hanjin ɓeran Masar cike ya ke da waɗansu ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Penisilin da danginsa, watau ampisilin da amoksisilin da a ke saya a kemis ba takarda, su kan share waɗannan ƙwayoyi, miyagun da suka rage su yaɗu su zuba dafi, dabbar ta yi zawo ta mutu cikin 'yan kwanaki. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin wannan, zomo ma haka ya ke. In gyambon ya yi ruwa har yana bukatar maganin ƙwayoyin cuta, akwai waɗanda ba sa yi masa lahani, likita ya san su. Wanka kuma, wanda shi ne abin da ke fara zuwa wa mutum a rai in ya ga ɓawo, a dakata da shi. Ƙwaron yana cikin fata, ruwa ba ya kai gare shi, cuɗar kuwa tana iya tayar da faɗuwar nan, ga sanyin hunturu a kan jiƙaƙƙen jiki.

Game da ƙurajen yaron, hankalinka ya kwanta, Malam, amma kada ka yi sakaci. Wannan ƙwaro ya kan hau mutum ya sa masa ƙuraje masu ƙaiƙayi a inda dabba ta taɓa, hannu da ƙirji da wuya, sai dai ba ya iya zama ya hayayyafa a fatar ɗan Adam. In an yi wa dabbobin magani, yaro kuma ya daina rungumarsu na ɗan lokaci, ya riƙa wanke hannu da sabulu, a wanke rigunansa a shanya a rana, ƙurajen su kan baje da kansu. Duk da haka a kai shi asibiti a duba. In zagaye ne mai baki-baki, makero ne. In kuwa a tsakanin yatsu ne da wuyan hannu, ƙaiƙayin ya fi tashi da dare, ƙannensa ma sun fara susa, to, ƙazuwar mutane ce wadda ba ruwanta da ɓeraye, duk gidan ne za a yi wa magani. Kada a raina ta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 200 ke fama da ita a kowane lokaci, a 2017 kuma ta sa ta cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Kada kuma wani ya ce zai ɗebi na kwalbar dabbobi ya ba yaro.

Na san abin da zai hana mutane da yawa zuwa asibitin dabbobi, kunya ce. Mutum yana ganin in ya shiga da ɓera a kwali, alhali waɗansu sun zo da bijimai, dariya za a yi masa. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani asibitin dabbobi na ga an sallami wata yarinya da zomonta, aka ce ta je ta yanka, ba a ko buɗe kwandon ba. Wannan ba daidai ba ne. Ƙasar da ta ke da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom tun 1924, da Tsangayar Likitancin Dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da sashen aikin gona na Jami'ar Jihar Kaduna a nan Kafanchan, bai kamata a ce yaron da ya fara kiwo da guminsa ya rasa mai auna masa ɗigon magani ba. Yaron da ya iya lura da ɓera 14, ya san mai ci da marar ci, shi ne gobe zai riƙe garke. Ina roƙon malaman dabbobi na ƙananan hukumomi su ajiye ɗan ƙaramin sikeli da ƙananan sirinji a ofis, malaman makaranta kuma masu ƙungiyar matasa manoma su tara yaran da ke wannan kiwo a kira malamin dabbobi rana ɗaya, kwalba guda ta ishi unguwa.

In an fara magani, susa ta kan ragu cikin mako na farko, ɓawo ya bushe ya faɗi, gashi kuwa sai an yi haƙuri, ya kan ɗauki wata guda ko fiye kafin ya rufe. Kafin nan a raba ɗakin biyu, maza gefe mata gefe, matan su huta da ciki har damina ta sauka. Yaron ya dakatar da sayarwa sai bayan allurar ƙarshe, ya kuma gaya wa abokan da suka saya a wurinsa su duba nasu. Duk wanda zai sayo nan gaba, a ware shi mako uku a wani akurki dabam kafin a haɗa shi da sauran. Babbar macen nan mai faɗuwa ita za a fara kaiwa, a cikin kwali mai huji da laushin tsumma, a tallafo ta ta ƙarƙashin ciki kada a taɓa bayanta, a kuma tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi.